Goshi Lafia, Kumatu Jos

Anti Rabi ta rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Ba wata hanyar faɗinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina gaban madubi, na zana gira ɗaya ina shirin zana ɗayar, sai waya ta yi ƙara. Mama Blessing ce, mai kitson da shagonta ke manne da namu. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Hadiza, zo gidan Madam Rabi a Akurba yanzu-yanzu. Madam ba lafiya."

Na ce, "Wane asibiti?"

Sai na jiyo kukan mata a bayanta.

Na zari hijabi na tari mashin. Wallahi ban san da gira ɗaya na ratsa garin Lafia ba, sai da na isa gidan Mama Blessing ta kama haɓata ta goge mini da bakin zaninta.

Hawan jini ne. Ta idar da sallar asuba, ta ce wa mijinta kanta na sarawa, ta jingina da bango. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na dawo gida, na kasa cin abinci, na kasa kwanciya, shi ne na ɗauki wayar nan.

Ku da kuke bi na a shafin nan saboda hotunan kwalliya, kun sha tambayata wa ya koya mini. Ita ce. Rabi'atu sunanta, 'yar Keana, Alago ce gaba da baya. Ɗan shagonta mai labule ruwan hoda yana bakin kasuwa, in kun taɓa wucewa kun ji ana dariya da ƙarfi, to ita ce.

Ranar da na fara ganin ta, da faɗa na shiga.

Kun san bakina, ba sai na ɓoye ba. A lokacin fuskata ta ishe ni. Kafin azahar goshina da hancina sun yi naso kamar an shafa musu man gyaɗa, kumatuna kuma sun bushe sun yi fari-fari suna ɓarewa. Duk sabulun da aka ce yana kashe maiƙo sai na saya. Ina wanke fuska ina dirza kamar mai wankin tukunya. Mai kuwa na daina shafawa gaba ɗaya, ai a ganina mai maiƙo ba ta buƙatar mai.

Na shiga na ce, "A ba ni hodar da ta fi kowacce ƙarfi, wadda ba ta jin zufa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta kama hannuna ta ja ni waje cikin rana, a gaban masu doya da masu keke. Ta ɗauki tishu ta danna a goshina, ta ɗauki wani ta danna a kumatuna, ta ɗaga mini su biyun. Ɗaya ya jiƙe da mai, ɗaya fes.

Ta ce, "Ka gani? Fuskan ka gari biyu ne. Goshi da hanci, Lafia. Zafi, zufa. Kumatu, Jos. Sanyi, bushewa. Kai kuma kana sa musu kaya iri ɗaya. Wa zai sa rigan sanyi a Lafia da azahar? Wa zai je Jos da singileti?"

Ni kuma duk maganar nan abu ɗaya na ji.

Na ce, "Baiwar Allah, ni mace ce. 'Ki' ake cewa."

Ta ce, "To, ki ɗin, ka zauna."

Haka muka fara.

Wanda bai san garin nan ba zai yi mamaki. Hausar Anti Hausar kasuwar Lafia ce, babu "ki" babu "ita" a cikinta. Kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, har amaryar da ke zaune a kujerarta da lalle a hannu. Ni kuwa a gidan Barebari na tashi, a hannun kakar da in ka karya Hausa a gabanta sai ta sa ka maimaita. Shekara da shekaru ina gyara wa Anti, tana ce mini, "Abeg, Hausan ka ya yi yawa."

Ba ta ba ni hodar ba ranar nan. Cewa ta yi in koma gida in ajiye sabulan nan duka, in nemi mai laushi, in riƙa wankewa safe da yamma kawai, ba dirza. In shafa mai marar nauyi a fuskar gaba ɗaya.

Na ce, "Har goshin?"

Ta ce, "Har shi. Lafia ma yana jin ƙishi. In ka hana shi mai, zai yi fushi ya kawo nashi, ya fi na da yawa."

Man kaɗe kuma ɗan mitsil, a kumatu kaɗai, kar ya kusanci hanci. Hoda a goshi da hanci da haɓa, kar ta taka Jos. Kar in kwana da kwalliya ko da gajiya za ta kashe ni.

Na tafi ina gunguni. Na dawo bayan wani lokaci ina jin kunya, don fuskar ta lafa. Ta kalle ni ta ce, "Eh heh, an yi sulhu." A ranar na ce ina son in koyi aikin.

Anti tana da hanyar koyarwa da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Ba ta dogon bayani. In kwastoma ta zauna, sai ta yi gefe ɗaya na fuskar a hankali kana kallo, sannan ta miƙo maka burushi ta ce, "Yi naka." In an gama, sai ta buga bango ta kira Mama Blessing, wadda ba ta ga lokacin da aka yi ba, ta ce ta nuna gefen Madam.

Matar nan ba ta taɓa kuskure ba. Ko kallon kirki ba ta yi, da mataji a hannu za ta leƙo ta nuna, ta koma kan kitsonta.

Sai Anti ta goge nawa ta sake.

Shi ya sa muke ce mata Anti Rabi-Rabi. Tana son sunan, har takan amsa waya da shi.

Ni kuma suna na samu, Birkila. Hannuna nauyi gare shi, in na ɗebo fandeshan sai na lafta. Za ta tsaya a bayana ta riƙe ƙugu ta ce, "Birkila, fulasta kake yi? Fuskan mutane ne fa, ba katanga ba."

Da tafiya ta yi nisa ta sakar mini ƙawayen amarya da 'yan zuwa suna, ina yi musu fuska sukutum ni kaɗai. Amma amarya? Rabi. Kullum rabi.

Abin ya riƙa ci mini rai. Waɗanda muka fara tare a wasu wurare tuni sun buɗe nasu shagon suna ɗaukar amare. Wata rana na ajiye burushi da ƙarfi na ce, "Anti, wai sai yaushe? Sai na yi furfura?"

Ta ce, "Sai ranan da hannun ka ya daina fushi."

Na yi kwana biyu ina kumbura. Ko a jikinta. Ta sayo mini gasasshiyar masara ta ajiye a gabana ta ci gaba da aikinta.

Haka take.

Duk zuwan da za ta yi Keana sai ta kawo wa mahaifiyata gishiri a ƙulle. Yanzu haka akwai sauransa a kicin ɗinmu, na gan shi ɗazu na kasa tsayawa a wurin.

Akwai wata da ta zo ta ce ta gani a waya wai a dirje fuska da gishiri da lemon tsami, maiƙo zai tafi. Anti ta dafe ƙirji ta ce, "Gishirin garin mu? Uwata ya dafa gishiri har ya tsufa, bai taɓa sa wa fuska ba. Na miya ne, abeg."

Akwai wata mai nono da ke zuwa daga wajen Arikya, rana ta farfasa mata kumatu. Anti ta riƙa ɗibar mata man kaɗe a 'yar roba, tana nuna mata da yatsa inda za ta shafa da inda ba za ta shafa ba, don Fulatanci ba ta ji, ita kuma waccan Hausarta kaɗan ce. Yau na ga matar a gidan rasuwa, ta ajiye ƙwaryarta a ƙofa tana kuka. Ban san wa ya gaya mata ba.

Lokacin da maganar aurena ta lalace, na zo shago idona a kumbure. Kowa tambaya yake, me ya faru, wa ya ce me. Anti ba ta tambaye ni komai ba. Ta ja labule, ta zaunar da ni a kujerar kwastoma, ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta wanke mini fuska da hannunta. Ta daɗe tana shafa mini kumatu. Abin da ta ce kawai, "Kuka yana busar da Jos."

Na yi dariya ina hawaye.

Ita ma irin fatarmu gare ta, gari biyu. Kullum, kullum, da rana ta take, za ta juyo ta ɗaga mini goshi ta ce, "Birkila, duba mini, Lafia ya fara?"

In ce, "Ya fara, Anti, har kasuwa ta ci."

Sai ta ninke tishu ta dafa a wurin. "Danna, kar ka goge." Wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga. In ka goge, ka kwashe kwalliyar, ka kuma tsokano fatar. In ka danna, tishu ya shanye man ya bar maka aikinka.

Haka ta koya mana da hawayen amare. Ba ta yarda a ce wa amarya ta daina kuka don kar kwalliya ta ɓaci. Takan ce, "Bar shi ya yi kukan shi, uwan shi zai bari. Kai dai ka ninke tishu ka sa a ƙasan ido, ka tare. Kar ka hana."

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni, Jamila.

Jamila ce 'yarta mace tilo. Labarin da zan ba ku ita da kanta ta sha ba da shi a shago don 'yan mata su ji, shi ya sa nake faɗa.

Tana makaranta a wani gari, goshinta ya dame ta da ƙuraje. Wata ta sayar mata da wani haɗin mai a roba, ba suna ba takarda, aka ce yana busar da maiƙo yana kuma haska fata. Ta shafa a fuska duka. Goshin ya ɗan jure, kumatun ne suka ƙone. Suka yi ja, suka sale, suka koma baƙi ƙirin.

Ta dawo hutu da takunkumin korona a fuska, a lokacin da kowa ya daɗe da yar da nasa.

Da ta cire a gaban uwarta, Anti ba ta yi faɗa ba. Ta shiga bayan shago inda muke ajiye bokiti, na bi ta na same ta tana kuka ba sauti. Ta ce, "Fuskan mutane nake gyarawa, na ɗiya na ya lalace ban sani ba."

Ta kai ta wurin likitan fata, ta bi duk abin da aka ce. Ta hana ta kwalliya gaba ɗaya. Man kariyar rana kullum, ko da hadari. Ita take wanke mata fuska da safe, ita take wanke mata da yamma, kamar jaririya. Jamila ta daina shiga hoto. Ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango. In baƙi sun zo, ɗaki take shigewa.

An ɗauki lokaci mai tsawo, amma Allah ya yi, fatar ta dawo. Ɗan tabo kawai ya rage a kumatun hagu.

Sai dai wani abu bai dawo ba. Tun daga lokacin, Jamila ba ta yarda hannun kowa ya taɓa mata fuska sai na uwarta. Ni da muke kamar ya da ƙanwa, na taɓa kai hannu zan cire mata gashin ido da ya faɗo, ta zabura ta ja baya har ta ture kujera. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba da gangan take yi ba, jikinta ne ke yi.

To, bikin Jamila wata mai zuwa ne.

Dangin ango sun ce za su ɗauko mai kwalliya daga Abuja. Jamila ta ce in ba Mama ba ce, to za ta zauna a lulluɓe daga farkon biki har ƙarshe, ba wanda zai ga fuskarta. Anti kuwa ba ta da wani buri da ya wuce ranar nan. Takan ce, "Ranan zai ɗaga kai a gaban mutane. Shi kawai nake jira."

Jiya da yamma, jiya-jiyan nan, ta ce Jamila ta zo shago a yi gwaji.

Ta ce mata, "Yi alwala tukuna," kamar yadda take ce wa kowace amarya kafin ta fara. Ta fitar da ita bakin ƙofa ta gwada kalar fandeshan a muƙamuƙi, don ba ta yarda da hasken ƙwan lantarki, ba ta kuma gwadawa a bayan hannu. Suka dawo ciki.

Ta fara da hagu, gefen tabon. Ina tsaye ina kallo. Ta shafa mai ta jira ya shiga. Firaima, mai riƙe kwalliya, a goshi da hanci kawai. Fandeshan kaɗan-kaɗan da jiƙaƙƙen soso, tana dannawa. Da ta zo kan tabon na miƙa mata hoda, ta ture hannuna.

Ta ce, "Kar ka binne shi. Jos ba ya son hoda. In ka lafta zai tsage, tabo ya fi fitowa."

Ta gama. Na ɗauka za ta zagaya ta yi daman. Sai na ga burushi a gabana.

"Yi naka."

Na ce, "Anti, Jamila ce fa."

Jamila ta ƙanƙame hannun kujera. Ta ce, "Mama, don Allah."

Anti ta jawo ɗan benci ta zauna a gabanta, ta kama hannayenta biyu. Ta ce, "Rufe ido. Hannu na ne. Ara mishi na yi."

Ban taɓa jin tsoron fuska irin na jiya ba. Ina jin haɓarta tana rawa a ƙarƙashin yatsuna. Na riƙa ɗebo komai kaɗan, in duba gefen Anti, in dawo nawa. Ni da bakina ba ya rufuwa, har numfashi a hankali nake yi.

Da na gama, Anti ta buga bango.

Mama Blessing ta leƙo da matajinta kamar kullum. Ta ɗaga hannu za ta nuna, sai ta tsaya. Ta shigo ciki. Ta je dama, ta je hagu, ta sunkuya. Can ta nuna gefen dama ta ce, "Wannan ne na Madam."

Nawa ta nuna.

Na kurma ihu har masu doya suka leƙo. Na rungume Mama Blessing, na yi rawa a tsakar shago. Jamila ta buɗe ido ta kalli madubi, ta daɗe tana kallo, ba ta kau da kai ba.

Anti murmushi kawai ta yi. Na lura tana matsa gefen kanta da yatsa. Na ce, "Anti, kin sha maganinki kuwa?" Ta ce ta sha, hidima ce ta yi yawa, in an gama biki za ta kwanta ta huta.

Muka rufe shago. Jamila ta yi gaba ta taro keke. Ina sa kwaɗo a ƙofa sai na ji ta ce, "Hadiza."

Na juyo da mamaki, don rabon da ta kira ni da sunana har na manta.

Ta nuna Jamila da haɓa, ta ce, "Ki riƙe mini ita."

Kun san abin da na yi? Tafi na yi. Na ce, "Jama'a ku zo ku ji! Anti ta ce 'ki'! Har da 'ita'! Yau na yaye ɗalibata!"

Ta girgiza kai tana dariya ta ce, "Ka cika surutu, Birkila."

Ta shiga keke. Ta ɗaga mini hannu.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Yau, bayan an yi mata wanka an sa mata likkafani, yayarta ta fito ta ce na kusa su shigo su yi mata addu'a kafin a rufe fuskar. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ma 'yarta ce." Na shiga.

Alheri kawai na gani. Ba kwalli, ba hoda, ba komai, fuskarta a sake kamar mai barci.

Rana ta take a lokacin. Ɗakin cike da mata, zafi kamar me, kowa na sharce zufa. Ban san lokacin da idona ya tafi kan goshinta ba, sabo ne, lokacin tambayarta ya yi.

A bushe yake.

Tun da na san ta ban taɓa ganin goshin nan a bushe da rana ba. Na kai bayan yatsana na taɓa, na ji sanyi. A raina na ce, Anti, yau Lafia bai fara ba.

A nan na fashe da kuka. Tun safe ina daurewa, ina ba mutane haƙuri, ina shimfiɗa tabarmi. Sai da aka fitar da ni a riƙe.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta na shiga neman Jamila. Na same ta a lungun ɗakin uwarta, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, kamar shekarun baya. Mata sun kewaye ta, "Yi haƙuri, daina kuka, addu'a take buƙata." Wata gwaggonta ta kai bakin zani za ta share mata hawaye, ta kau da kai ta manne da bango.

A tsakar gida ina jin ana ƙus-ƙus, za a ɗaga bikin ne ko za a bar shi. Wannan na manya ne. Ni abin da na sani, ko yaushe aka yi shi, yarinyar nan ta ce in ba hannun uwarta ba, ba za ta buɗe fuska ba. Hannun kuma yanzu aka dawo daga binne shi.

Na zauna kusa da ita. Da ɗakin ya ɗan ragu, na ji muryarta daga cikin mayafi, a dishe.

"Anti Hadiza, wa zai yi rabin Mama?"



Na buɗe jaka na zaro tishu na ninke. Na kama bakin mayafin na ɗaga a hankali, ina jiran ta zabura.

Goshinta na sheƙi, sak na uwarta. Idanun sun kumbura, hawaye na bin kumatun hagu ta kan tabon.

Na sa tishun a ƙasan idonta na danna. Ban goge ba. Ban ce ta yi shiru ba. Ya jiƙe na sake ninke wani.

Na ce, "Jiya a gabanki ta ara mini hannun. Ba ta karɓa ba, Jamila. Yana wurina."

Ba ta ja baya ba. Ta kwantar da kumatunta a tafin hannuna, ta yi kukanta har ta gaji, ni kuma ina tarewa.

Masu turo mini tambaya a kan wane mai da wace hoda, ku yi mini haƙuri kwana biyu. Duk abin da na taɓa gaya muku dama nata ne.

Ya Allah, ga Rabi'atu nan ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka sanyaya mata shi. Ta rufa asirin fuskokin bayinka, ka rufa mata asiri. Ka tashe ta cikin masu hasken fuska, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba mijinta da 'ya'yanta da mu duka haƙurin rashinta.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi mata addu'a ba. Wadda ta taɓa zama a kujerar nan, wadda aka taɓa ja waje cikin rana aka danna mata tishu a goshi, ki ambaci sunanta a sujadarki. 'Yan'uwanmu Kirista da kuka cika gidan yau, ku ma ku sa ta a taku addu'ar, ba ta taɓa bambanta fuskar kowa ba.

Ku sa Jamila.

Ni ma ku sa ni. Ban taɓa yi wa amarya fuska sukutum ba, kuma ta farko ita ce wadda aka ce in riƙe. Daga hagu zan fara, inda take farawa. Ku roƙa mini Allah kar hannun ya yi rawa.